Ranar da Na Kasa Ɗaukarki

Warrnambool, ƙarshen watan Agusta

Zuwa ga Tamsin, matata, sanyin idona, hasken da ke fara taɓa ruwan Lady Bay kafin rana ta leƙo. Zuwa ga wadda har yanzu nake jin numfashinta a kunnena ko da iskar kudu tana kaɗa rufin gidanmu kamar za ta kwashe shi. Ina gaishe ki gaisuwar mai ƙishi ga ruwa, gaisuwar da ta fi ƙarfin waya, tunda wayar ma kin daina ɗauka.

Ya jikin naki, abar ƙaunata? Ya ciwon kafaɗun? Na san kin gaji da wannan tambaya, na san ana yi miki ita sau ba adadi kafin ki karya kumallo. Amma ni ban sami damar yin ta ba tun ranar da kika ce wa ma'aikatan asibiti kada su sake barina in shigo. Ki bar ni in yi ta a takarda. Takarda ba ta da fuska, ba za ki ga tausayin nan da kika tsana a kanta ba. In kin ga dama ki yage ta, zan rubuta wata.

Kin tuna tserenmu na watan Afrilu, wanda ya rufe kakar wasannin bana? Na riga ki fitowa daga teku, na riga ki sauka daga keke, na shiga gudu ina jin yau dai na gama da ke. Sai ga takunki a bayana. Ko cikin mutum dubu zan gane shi, marar nauyi, marar gaggawa, kamar yayyafin farko a kan rufin kwano. Kika zo daidai kafaɗata, gishiri ya bushe a kumatunki, gashinki ya manne a wuya, kika kira ni da sunan nan da kika laƙaba mini saboda dogayen ƙafafuna da siraran hannayena. Kika ce, "Zalɓe, ɗan matsa gefe, masu gudu za su wuce." Kika daki bayana kika tafi. Na bi ki da ido har kika ɓace a cikin mutane. Wane namiji ne aka taɓa kayarwa ya ji daɗi irin wanda na ji a ranar? Wace barewa ce ta taɓa taka ƙasa yadda kika taka ta?

Da yamma muka zauna a kan ciyawa muna cin soyayyen kifi da dankali a cikin takarda, tsuntsayen teku suna kewaye mu kamar masu jiran gado. Kika kafa doka: wata guda cur ba ninƙaya, ba keke, ba gudu, ba mai kallon agogo. Muka yi barci har rana ta shigo ɗaki. Muka ci duk abin da muka hana kanmu tun bara. Ni da za a bar ni a haka har abada da ban yi ƙorafi ba. Ke ce kika fara gundura. Kafin watan ya cika na kama ki a gareji kina shafa sirdin kekenki kamar mai lallashin doki. Da safiyar nan ta Mayu kika yaye mini bargo kika ce, "Tashi, malalaci. Ba atisaye ba ne, sassauta ƙafa ne kawai. Mu je Port Fairy mu sha kofi mu dawo."

Ke ba ki tuna komai daga nan, ni kuma ban manta komai ba. Hazo ya kwanta a kan gonaki. Kina gaba, ina bayanki, ina kallon 'yar jar fitilar kekenki tana ƙiftawa. Tankar madara ta fito daga kwana. Ba zan rubuta ƙarar ba, ban san haruffan da za su ɗauke ta ba. Abin da zan faɗa miki shi ne, na riƙe kanki a kan kwalta har jirgi mai saukar ungulu ya zo, kuma kina ta tambayata ko keken ya lalace. A Melbourne likita ya zaunar da ni ya ce laka ta tsinke, daga ƙugu zuwa ƙasa ba abin da zai dawo. Ya faɗa a hankali, da ladabi, kamar mai ajiye kwano mai zafi a kan tebur.

Daga ranar na daina. Ban yanke shawara ba, jikina ne ya ƙi. Takalman guduna suna bakin ƙofa inda na cire su, har gizo ya yi saƙa a ciki. Ta yaya zan ɗaga ƙafa in sauke, in sake ɗagawa, don nishaɗi kawai, alhali ke ana juya ki a gado kamar jaririya? Kowane taku sai in ji kamar daga wurinki na sato shi. Abinci ma ya zama haka. In na dafa sai in tsaya ina kallonsa har ya huce. Ina zuwa aiki, ina hawa jirgin ƙasa in zo wurinki, ina dawowa, ina kwanciya a gefena na gado ba tare da na taɓa naki ba. Wandunana suka fara zamewa, na ƙara huda a bel. Na ɗauka wannan ita ce ƙauna, rabin raina. Na ɗauka in na lalace tare da ke, ba za ki ji ke kaɗai ba ce.

Sai ranar nan ta Yuli. An ce za a bar ki ki zo gida ki kwana biyu, karon farko, in dai na koyi yadda zan ɗauke ki daga kujerarki mai taya zuwa gado. Kin yi ado a ranar, na lura, kin sa 'yan kunnen da na saya miki. Losaline, mai koya miki motsa jiki, 'yar ƙasar Tonga mai dariya kamar tsawa, ta tsaya a gefe tana nuna mini. Ta ce, "Lanƙwasa gwiwa, ɗan'uwa. Rungume ta kamar matarka, ba kamar tulun da zai fashe ba." Har kika yi murmushi. Na sa hannu a bayanki, kika saƙalo wuyana, na ji ƙamshin gashinki a karon farko cikin wata biyu. Na ɗaga.

Bayana ya saki. Na ji kina zamewa daga ƙirjina kamar ruwa daga tafin hannu, ina damƙa, ina damƙa, ba na kama komai sai riga. Kika sauka a ƙasa tsakanin gado da kujera, ƙafafunki sun lanƙwashe a ƙarƙashinki ta yadda ƙafar mutum ba ta lanƙwashewa, ke kuma ba ki ma sani ba sai da kika duba. Aka rugo da injin ɗaga marasa lafiya. Aka rataye ki a cikin majanyi, aka ɗaga ki sama a gaban kowa, ke da kika saba a ɗaga ki a kafaɗa bayan tsere. Ba ki yi kuka ba. Da kin yi da ya fi mini sauƙi.

Da aka fita aka bar mu, kika dube ni tun daga sama har ƙasa. Kika ce, "Fergus, dubi kanka. Ni mota ta buge, kai me ya buge ka? Ba zan iya jinyar mutum biyu ba. Tafi gida, kada ka dawo." Kika juya fuska bango.

Na tafi. A cikin jirgi na zauna ina kallon hannayena a kan cinya kamar na wani ne aka ba ni ajiya. Bayan mako guda mahaifiyarki ta kira ni, muryarta a sanyaye, ta ce kin ce in an sallame ki Ballarat za ki wuce, wurinta, ba nan ba. Ta ce kin ce in sami 'yancina. 'Yanci! Tamsin, wa ya gaya miki ɗaure nake? In kifi ɗaurarre ne a cikin teku, to ni ma ɗaurarre ne.

Ban san iya kwanakin da na yi a kwance bayan wannan ba. Goggo Noreen ce ta tashe ni. Kin san ta, shekara saba'in ba su rage mata komai ba, har yanzu ita ke tsayawa a bakin ruwa da usur tana zagin 'yan ƙungiyarmu ta iyo da tsere ɗaya bayan ɗaya. Ta zo da motar gonarta da sassafe, ba ta ƙwanƙwasa ba, ta shigo har ɗaki da takalman roba duk taɓo. Ta ce, "Kai ɗan nan, mutuwa ka yi ba a sanar da mu ba? Gidan nan wari yake. Tashi ka sa takalmi."

Na ce, "Goggo, ba zan iya gudu ba. Ba zan iya ba alhali ita tana can."

Ta ce, "Wa ya ce maka gudu? Kai da gudun ma ba wani iyawa ka yi ba. Shanuna na haihuwa, bayana kuma ya gama aiki. Maruƙa za ka ɗauka mini."

Haka na koma, masoyiyata. Ba da usur ba, ba da agogo ba, a cikin taɓo har ƙauri, ruwan sama yana dukan ƙeyata. Aikin shi ne in ɗauko jaririn maraƙi daga inda uwarsa ta haife shi in sa a bayan mota. Na farkon da na ɗaga ya shure ni a ciki, muka faɗi tare, ni a ƙasa shi a sama. Goggo ta yi dariya har ta dafa shinge. Da ta gama ta ce, "Buhu ka saba ɗauka. Buhu ba ya tsoro. Wannan yana tsoro, kuma yana jin naka tsoron ta hannunka. In kana rawa zai yi ta shure-shure. Matso da shi jikinka, ka tashi da cinya, ka bar bayan nan naka ya huta." Ba ta ambaci sunanki ba. Ban gaya mata abin da ya faru a asibiti ba, amma garin nan kin san shi. Da muka gama ta zaunar da ni a kicin ta ajiye mini ƙwai da naman rago da burodi, ta tsaya a kaina har na cinye. Washegari ta sake zuwa. Da jibi ma.

Teku ya biyo baya. Wata Lahadi ta ce, "Yau ba maraƙi, ɗauko rigar robarka ta shiga teku." Rigar ta yi mini yawa, ruwa yana shiga ta wuya yana fita ta ƙafa. 'Yan ƙungiya suna tsaye a bakin ruwa suna tsalle don sanyi, da suka gan ni kowa ya rasa inda zai sa ido. Na shiga. Kin san ruwan Agusta, yadda yake kama goshi kamar an ɗaura maka ƙarfe, yadda haƙora ke ciwo har cikin kunne. Na yi iyo zuwa alamar farko da ke yawo a kan ruwa ina kuka a cikin tabarau na iyo, ba wanda ya gani, ruwa ne a ciki ruwa ne a waje. Duk sanda na juya kai don numfashi sai in duba dama, inda kika saba iyo a gefena, in ga ba komai sai igiyar ruwa mai launin toka. Amma kafaɗuna sun tuna aikinsu. Da na fito hannayena ba sa iya buɗe zip, Goggo ce ta buɗe mini tana cewa ta ga agwagwa mai ciwo da ta fi ni iya iyo.

Gudu shi ne ya fi wuya, kuma a nan ne nake so ki saurare ni da kyau, don ba zan ɓoye miki ba. Makon jiya na kakkaɓe takalman na fita. Na bi hanyar bakin teku zuwa dandamalin da ake kallon manyan kifayen nan masu feshin ruwa. Farkon tafiyar azaba ce zalla, ƙirji kamar an zuba garwashi, gwiwa tana ƙara. Sai can wajen tudun yashi numfashina ya daidaita, ƙafafuna suka sami kiɗansu, iska ta dawo bayana. Na ji daɗi, Tamsin. Na ji daɗin nan da ke kaɗai kika san irinsa, wanda jiki ke mantawa da kansa. Bai daɗe ba. Da na gane abin da nake ji sai na tsaya na dafa ƙarfen dandamali na yi amai. A ƙasa, bayan inda ruwa ke fashewa, wata uwar kifi tana juyi da ɗanta, baƙi ƙirin, ba ruwansu da ni. Na daɗe a wurin. Sannan na juya na dawo gida, da gudu, don ba wata hanyar da ta rage.

Ban san ko wannan zai ƙona miki rai ba. Wataƙila ki karanta ki ji kamar na ci abinci a gaban mai yunwa. In haka ne ki tsane ni, kina da haƙƙi, amma ki tsane ni ina tsaye da ƙafafuna. Na gwada kwanciya a gefen ramin da kika faɗa, kin ga abin da ya haifar.

Keke kuwa ban hau hanya ba tukuna. Na ɗora shi a kan abin tsayarwa a gareji, ina murza feda ina kallon bango. Naki yana jingine a kusurwa yadda 'yan sanda suka dawo da shi, a naɗe kamar waya. Na kasa jefar da shi, na kasa rufe shi. In tanka ta wuce a titi sai ƙafata ta tsaya da kanta. Ban san ranar da zan iya bin kwanar nan ba, wataƙila babu ranar. An fara rajistar tseren kaka mai zuwa, 'yan ƙungiya suna ta lissafin wanda za su shiga. Ban sa sunana ko'ina ba. Shekara da shekaru ina horar da jikin nan don in rage wa agogo 'yan daƙiƙu, don a rataya mini ƙarfe a wuya in kawo gida in jefa a aljihun tebur. Yanzu in na tashi cikin duhun asuba, sanyi yana cizon yatsu, abu ɗaya ne ke sa ni ɗaura igiyar takalmi: nauyinki a ƙirjina, da yadda ya zame.

Ya ke tauraruwar da masunta ke dubawa in gari ya ɓace musu, ya ke inuwar da na sani tun kafin in san zafin rana, me zan yi da gidan nan in kin wuce Ballarat? Wa zai bar kofi rabi a kan taga? Wa zai saka ƙafa mai sanyi a tsakanin nawa, ko tana jin ɗumin ko ba ta ji? Kina tsammani ƙafafunki na aura? Na so su, ba zan yi ƙarya ba, na yi makokinsu kamar yadda kike yi, kuma zan daɗe ina yi. Amma bakin nan mai kaifi na aura, da taurin kan nan, da idanun da suka dube ni a asibiti suka faɗa mini gaskiyar da kowa ya ji nauyin faɗa. Duk waɗannan suna nan, mota ba ta taɓa su ba.

Ba zan ce miki za ki sake tafiya ba. Masu kawo miki furanni sun faɗa, kin kuma ji yadda maganar ke ɗaci. Ba zan ce komai zai koma yadda yake ba. Na kuma san burinki ba a ɗauke ki ba ne, burinki ki ɗaga kanki da hannunki, daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa mota, ba tare da kin nemi kowa ba. Za ki kai can, na san wadda na aura. In kin kai, zan tsaya gefe in naɗe hannu. Amma mahaifiyarki ta ce har yau kin ƙi shiga tafkin ninƙaya na asibiti, kin ce ba ki son ganin yadda ƙafafunki za su yi ta reto a bayanki. Ina roƙonki ki shiga, ko sau ɗaya. Kafaɗunki sun fi nawa sanin ruwa. Ki bar Losaline ta saukar da ke, ki yi kuka a cikin tabarau in ya zo, na gwada, ba mai gani.

Akwai kuma wani wuri da kujera ba ta zuwa. Daga inda siminti ya ƙare a Lady Bay zuwa inda ruwa ya fara, yashi ne mai laushi, taya tana nutsewa a ciki. Na je na duba. Kullum bayan iyo nakan bi wannan tazarar a hankali, gwiwa a lanƙwashe, ina koya wa ƙafafuna inda yashin ke cin mutum. Wannan ɗan wurin nake roƙo ki bar mini. In rani ya zo, ruwa ya yi ɗumi, in ɗauke ki daga kujera in ratsa yashin da ke, in shiga har ruwa ya kai mini ƙirji. A can ne kawai zan sake ki, sai kuma kin ce in saki.

Ranar Asabar zan hau jirgin safe. Ba zan matsa wa kowa ba, ba zan sa ma'aikata cikin wahala ba. Zan zauna a kujerun baranda kusa da ƙofar sashenku, in ba Losaline saƙo cewa na zo. In kin ce in shigo, zan shigo, in kin yarda in sake gwadawa a gabanta, zan gwada. In kin ce a'a, zan zauna har lokacin ziyara ya ƙare, in hau jirgin yamma in dawo, Lahadi in shiga teku, Litinin in koma wurin maruƙan Goggo. Asabar ta gaba za a sake gaya miki cewa wani mutum yana baranda. In kin koma Ballarat, can ma jirgi yana zuwa.

Ba ni da wata mata a duniyar nan sai ke, ba na kuma neman wata. A tsaye ko a zaune, da fushi ko da murmushi, ko kin buɗe ƙofa ko kin bar ta a rufe, ni naki ne har ranar da za a ɗauke ni ni ma.

Mijinki,
Fergus